Fuskar Mama Tagwai: Rayuwar Malam Abednego Eli, 1947–2023

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Abednego Eli a farkon daminar shekarar 1947, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Samaru Kataf. Mahaifinsa, Eli, manomin dawa da acca ne, kuma yana cikin mutanen farko na ƙauyen da suka karɓi baftisma. Mahaifiyarsa sunanta Tagwai, kuma da wannan suna ta rayu har ta koma ga Mahaliccinta, domin ko da ta shiga ikilisiya daga baya, ba ta ga dalilin ajiye sunan da aka raɗa mata a ɗakin uwarta ba. 'Ya'ya shida ta haifa, biyu suka yi rai: Yemima, wadda ita ce babba, sai Abednego, auta.

Wajibi ne a siffanta Mama Tagwai tun daga nan, saboda kusan dukan rayuwar ɗanta a kan fuskarta ta rataya, kuma saboda babu hoton da za a miƙa wa mai karatu a huta da bayani. Doguwar mace ce, baƙa, mai ƙarfin wuya irin na matan ƙasar da suka saba ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Tana da ƙananan tsaga a jere a goshi da kumatu, kuma bisa al'adar matan zamaninta an huda mata leɓen sama da na ƙasa tun tana yarinya. A cikin hujin take sanya 'yan katakai zagayayyu da take sassaƙawa da hannunta, ta shafe su da man kaɗanya har su yi sheƙi. Idan ta yi dariya katakan biyu sukan haɗu su ba da wani ɗan sauti, kuma duk wanda ya san ta ya shaida cewa mace ce mai yawan dariya.

Eli ya rasu a shekarar 1953 sakamakon saran maciji a gona, lokacin da Abednego bai fara makaranta ba. Daga nan Mama Tagwai ta riƙe gidan ita kaɗai da noman citta da sayar da itace, ta kuma ƙi tayin aure daga dangin mijinta.

Karatu

A shekarar 1955 aka sa shi makarantar mishan ta Samaru Kataf, inda ya yi fice a rubutun hannu da zane, har malamai suka riƙa ba shi aikin zana taswira a allo. A 1962 ya sami gurbi a kwalejin horar da malamai a Kafanchan, garin da a wancan zamani yake cike da ƙarar jirgin ƙasa da baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Ya kammala a 1966 da kyakkyawar shaida.

A kwalejin ya koyi lissafi da Turanci da dabarun koyarwa, ya kuma koyi wani darasi da ba ya cikin jadawali, wato jin kunyar gida. Ɗalibai sukan yi wa juna ba'a da leɓunan iyayensu mata, har waɗanda nasu iyayen ma haka suke, kuma su suka fi kowa ɗaga murya. Saboda haka duk lokacin da Mama Tagwai ta zo masa da acca da gyaɗa, a bayan tasha yake tarar ta, ya karɓi kayan, ya raka ta motar komawa. Ita kuwa ta ɗauka doka ce ta hana mata shiga harabar makaranta, ta kuma riƙa yaba masa da bin doka.

Aiki da Shiga Ƙungiyar Hoto

Ya fara koyarwa a Godogodo a watan Janairun 1967, sannan aka dawo da shi Kafanchan a 1970. A shekarar da ta biyo baya ya shiga Ƙungiyar Masu Sha'awar Hoto ta Kafanchan, wadda ya zauna cikinta shekara hamsin da biyu, har mutuwa ta raba su.

Mista Gilbert, babban akawun tashar jirgi, shi ya kafa ƙungiyar a 1968, a wani ɗaki da ke bayan shagon tela kusa da tasha. Mambobinta malamai ne da ma'aikatan jirgi da na asibiti, kuma dokarta ta farko ita ce hoto sha'awa ne, ba sana'a ba. Sukan haɗu kowace Asabar da yamma su yi gardama a kan haske da inuwa, wani lokaci kuma su kwashi kaya zuwa Matsirga ko gindin dutsen Kagoro. Dukiyarsu mafi daraja ita ce wata babbar kyamara mai ƙafa uku, wadda mai ɗauka yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayanta. Mutanen gari, waɗanda ba sa barin abu ya wuce ba suna, suka laƙaba musu 'Yan Kar-ka-motsa. A shekarar da Malam Abednego ya shiga ce Malam Gershon, ma'aikacin gidan waya, ya shiga shi ma, suka ƙulla amincin da ya kai su tsufa.

Hannun zane da Malam Abednego ya taso da shi ya sa cikin ɗan lokaci ya zarce kowa a gyaran fim. Fim ɗin babbar kyamara ya kai tafin hannu faɗi, kuma bayan an wanke shi ana iya bin fuskar da ke jiki da fensir mai tsini a cike ƙuraje da tamoji, abin da fensir ya kasa kuma a kankare shi da reza. Aikin fensir yana iya gogewa, amma abin da reza ta ɗauke ya tafi ke nan. Matan Zumunta na ikilisiya suka gane shi da wuri, har ana cewa hannun Malam ya fi sabulu da man shafawa, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa da wannan yabo.

Hoton Shekarar 1974

Al'adar ƙungiyar ce ta shirya nunin hotuna a makon Kirsimeti, a kan jigo guda. Saboda ƙarancin babban fim, falle ɗaya tak ake ba kowane mamba, kuma hoton da ya zo na ɗaya akan rataye shi a bangon ɗakin ƙungiya, ba a sauke shi har abada. Jigon shekarar 1974 shi ne Iyayenmu Mata.

A daidai wannan lokaci Malam Abednego yana neman auren Bernice, ma'aikaciyar jinya kuma 'yar wani Fasto mai martaba a garin, kuma ya san iyayenta za su halarci nunin. Ya kuma san cewa iyayen yawancin abokansa matan masu bishara ne da na akawu, waɗanda za su zauna gaban kyamara da ɗankwali a ka da Littafi Mai Tsarki a cinya.

Duk da haka ya ɗora kyamarar a mota ya nufi ƙauye. Mama Tagwai ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, kuma ta ɗauki al'amarin da muhimmanci ƙwarai: ta sassaƙa sababbin katakai, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Ista, ta zauna a kan turmi a ƙofar ɗakinta, maƙwabta suka yi cincirindo suna kallo. Da ya ce kada ta motsa sai dariya ta kama ta, ya jira ta lafa, sannan ya ɗauka.

Malam Gershon yana ɗakin wanke hotuna lokacin da fim ɗin ya fito, kuma shi kaɗai ne, ban da mai shi, ya taɓa ganin sa kafin a taɓa shi. Ya ɗaga shi ga haske ya ce, “Malam, wannan ya fita. Bar shi haka.” Malam Abednego bai bari ba, bai ma buga ko kwafi ɗaya a takarda ba kafin ya fara aiki. Ya kankare tsagar goshi da ta kumatu da katakan duka da reza, ya zana sababbin leɓuna sirara a gurbinsu, ya kuma ɗan haskaka fatar. A matsayin aikin hannu, ba a taɓa yin kamarsa a ƙungiyar ba, kafinsa ko bayansa.

Hoton ya zo na ɗaya. Fasto ya tsaya gabansa ya jinjina kai, ya yi wa saurayin 'yarsa murna da samun uwa wayayya. Abin da Malam Abednego bai lissafa ba shi ne yayarsa Yemima, wadda ke aure a Kafanchan. Ita ba ta ga hoton ba, labarin nasara kawai ta ji, sai ta aika ƙauye a kawo uwarsu ta ga kanta a bango.

Mama Tagwai ta shigo zauren nunin da Yemima a gefenta, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana neman kanta, ta wuce nata ba ta tsaya ba. Yemima ce ta gane zanen da turmin, ta jawo ta baya. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, ta ɗaga hannu ta shafa leɓenta, sannan ta juya ga ɗanta da ke tsaye kusa da surukansa na gobe. Ba ta yi masa magana da yarensu ba. Ta yi da Hausa, harshen da take ajiyewa don kasuwa da baƙi, ta ce, “Malam, wannan mace ya yi kyau. 'Yar wane ne?”

Ta gaida mutanen da ke wurin kamar yadda ya kamata, ta biya kasuwa ta sayi gishiri, ta hau motar yamma ta koma gida.

Aure

An ɗaura auren Malam Abednego da Bernice a watan Afrilun 1975. Mama Tagwai ta halarta, amma tun daga shigarta gari har fitarta gefen zanenta yana kan bakinta, kuma haka ta fito a hoton biki, can a ƙarshen layi, idanu kawai ake gani. Tun daga ranar ba ta sake shiga Kafanchan da buɗaɗɗiyar fuska ba, ita da a da take ratsa kasuwa tana dariya da 'yan tireda.

Bayan biki ne ya bayyana wa amaryarsa dalilin abin da ya aikata, yana zaton za ta gane cewa don ita ya yi. Bernice, wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce masa, “Ai da ka tambaye ni. Kakata ma haka take, kuma a bayanta na girma.” Ashe mahaifiyar Fasto ɗin kansa tana can ƙauyensu da nata katakan, ba a dai kawo ta gari ne kawai. Malam Abednego ya sha faɗa daga baya cewa wannan magana ta fi ta zauren nuni ƙona masa rai, domin ta nuna masa cewa ya sayar da fuskar uwarsa ga mutanen da ba su ma taya ba.

Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya biyar: Henry a 1976, Stella a 1978, Emilia a 1980, wadda ta rasu tana jaririya, Leonard a 1982, da Rosemary a 1986.

Shekarun Roƙo

A taron farko na shekarar 1975 ya roƙi a sauke hoton daga bango. Mista Gilbert, mutumin da ya yi rayuwarsa da jadawalin jirgi, ya ce doka doka ce, kuma in aka sauke ɗaya gobe wani zai zo da nasa dalili. Don haka hoton ya zauna, kuma kowace Asabar Malam Abednego yakan zaɓi kujerar da ke ƙarƙashinsa, don ita kaɗai ce ba a ganin sa daga kanta.

Buri ɗaya ya rage masa, wato mahaifiyarsa ta yarda ta sake zama gaban kyamara. Ya sayi ƙaramar kyamara tasa ta kansa, ya riƙa zuwa ƙauye duk ƙarshen wata da ita a rataye. Mama Tagwai ba ta ƙaurace masa ba. Takan dafa masa tuwon acca da miyar karkashi, ta tambayi Bernice da yara, ta yi hira har da dariya. Amma da ya kai hannu ga jakar kyamara sai ta tuna da wani aiki a bayan gida. Da ya durƙusa ya nemi gafara a fili, ta ce masa da yarensu, “Na yafe maka tun a mota. Amma ka riga ka sami uwa a bango. Wannan kuma ka bar ta ta yi nomanta.”

Malam Gershon ya ba shi shawarar ya ɗauke ta ba da saninta ba, tunda ƙaramar kyamara ba ta bukatar a ce wa kowa kada ya motsa. Wata rana da kaka ya same ta tana sheƙar acca, rana na haska fuskarta daidai yadda mai hoto yake so, kuma hankalinta na kan faifai. Ya ɗaga kyamarar har ya saita, sannan ya sauke. Ya gaya wa abokinsa cewa ya taɓa ɗaukar abin da ba nasa ba daga fuskar nan, ba zai ƙara ba.

Mama Tagwai ta rasu a watan Nuwambar 1981 bayan gajeriyar jinya. A lokacin an fara al'adar ɗaukar mamaci hoto kafin a rufe akwati, kuma Malam Abednego ya zo da kyamararsa, dangi ma suna ganin ya dace. Yemima ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, “Da ranta ba ta yarda ba. Ba za ka ɗauke ta yanzu da ba ta iya juya baya ba.” Ya koma ya zauna cikin maza, aka binne ta a gefen mijinta.

Malam Ba-gyara

Tun daga Disambar 1974 bai sake taɓa fuskar kowa da fensir ko reza ba, kuma sannu a hankali farin jininsa ya dushe. Matan Zumunta suka koma wajen masu studiyo, amare suka riƙa kauce masa a wajen biki, aka kuma sauya masa suna zuwa Malam Ba-gyara. Ita kanta Bernice, idan tana son hoton da za ta aika wa 'yan'uwa, sai ta yi ado ta tafi studiyo a asirce, ta dawo ta ce masa shi a gida ake bukatar gaskiyarsa, ba a bango ba. Bai sake zuwa na ɗaya a nunin ƙungiya ba.

A 1983 aka naɗa shi hedimasta a Jere, inda ya yi shekara biyar, amma duk da nisan hanya da wuya Asabar ta same shi a wani wuri ban da ɗakin bayan shagon tela. Ya dawo Kafanchan a 1988, ya ci gaba da shugabancin makarantun firamare har ya yi ritaya a 2002. Ya kuma yi hidimar dattijon ikilisiya na tsawon shekaru.

A cikin waɗannan shekaru ne ya riƙa hawa babur yana bin ƙauyukan Zangon Kataf da Kagoro da Jema'a, yana neman tsofaffin mata masu tsaga da hujin leɓe. Ba ya ɗaukar kowa sai ya zauna ya nemi izini, kuma yakan koma ya kai wa kowace hotonta a hannu. Wasu sun riga sun cire katakan saboda ba'ar jikoki, sai su shiga ɗaki su lalubo su a cikin ƙwarya. Ya tara ɗaruruwan irin waɗannan hotuna, har malaman jami'a suka riƙa zuwa dubawa suna yaba masa da hangen nesa. Shi kuwa yakan katse su ya ce ihu ne bayan hari.

An zaɓe shi shugaban ƙungiya a 1990, bayan rasuwar Mista Gilbert, kuma kowa ya ɗauka aikinsa na farko shi ne sauke hoton. Bai sauke ba. Maimakon haka ya kafa wata al'ada: duk sabon mamba, kafin a ba shi kujera, sai ya tsaya gaban hoton Malam ya ba shi labarinsa daga farko har ƙarshe, ba tare da rage wa kansa laifi ba. Ta wannan hanya ce labarin ya zama sananne, domin shi da bakinsa ya yaɗa shi. A gida ma 'ya'yansa sun ji shi har ya zame musu kamar ƙarar jirgi ga mazauna bakin tasha.

Shekarun Tsufa

Zuwan wayar hannu ya rage mambobin ƙungiya ƙwarai, har wani lokaci ba sa cika benci biyu. Malam Abednego bai yi gaba da sabon zamani ba, sai dai da jikokinsa suka nuna masa yadda waya take goge ƙuraje ta haskaka fata da kanta, ya ce ashe tsohuwar sana'arsa ta sami magaji.

A shekarar 2014 Malama Fatimatuzzahra'u, malamar sakandare wadda ta gaje shi a shugabanci daga baya, ta kwafe tsofaffin finafinan ƙungiya zuwa kwamfuta, har da na 1974. Ta nuna masa cewa abin da reza ta kankare ba ya dawowa, amma ta ce, “Baba, in ka faɗa mini yadda tsagar take, zan iya zana ta a mayar.” Ya yi murna irin wadda ba a saba gani a fuskarsa ba, ya ja kujera kusa da ita. Ta tambaye shi layi nawa ne a goshi, ya ce uku, sannan ya ce ko huɗu. Ta tambayi inda na kumatu suka karkata, ya ɗaga yatsa ya kai fuskarsa, yatsan ya tsaya. Shekara arba'in yana ganin matar da ya zana, har ta danne wadda ta haife shi. An je ƙauye an tambayi Yemima, wadda ta koma can bayan mutuwar mijinta, ta ce ita ta sani sarai, amma ba za ta ba da fuskar uwarta a sake zana ta ba. Ya ce wa Malama ta rufe aikin, bai sake tayar da maganar ba.

Bernice ta rasu a 2017, bayan shekara arba'in da biyu suna tare. A 2020 ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, wadda ta karkatar masa da baki zuwa hagu, ta kuma runtse masa ido ɗaya. Duk da haka ana kawo shi taron Asabar a Keke Napep. A watan Disambar 2021 ya sa aka fito da tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, aka nemo fim da ƙyar, ya zauna Malam Gershon ya ɗauke shi. Da Kirsimetin shekarar, a gaban 'ya'yansa huɗu da mambobin ƙungiya, ya ɗaga hoton ya ce, cikin maganarsa da ta yi nauyi, “Wannan za a sa ranar da na tafi. Haka yake, haka za a bar shi.” Kowa ya amsa da to.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Abednego Eli ya yi barci cikin Ubangiji a gidansa da ke Kafanchan a watan Agustan 2023, yana da shekara saba'in da shida. An ajiye gawarsa a asibiti har makonni, kamar yadda aka saba, domin 'ya'ya su shirya.

Babban ɗansa Henry, manajan banki a Abuja, shi ya ɗauki nauyin buga bana, wato babban ƙyalle mai hoton marigayin, da fosta da takardar tsarin sujada da riguna. Ya aika wa mai bugawa hoton da mahaifinsa ya zaɓa, bai sauya shi da wani ba. Sai dai shugabanninsa na ofis da abokan hulɗa za su zo cikin jerin motoci, kuma ba su taɓa ganin mahaifinsa ba, don haka ya ce a ɗan taɓa shi. Mai bugawa ya miƙe bakin, ya buɗe idon, ya share tamoji, ya haskaka fata, ya kuma cire rigar sanyin da marigayin ke sanye da ita ya sa masa kwat. Ƙannensa sun gani a waya, suka ce Baba ya fito kamar kafin ciwo.

Mambobin ƙungiya sun ga banar tun a sujadar waƙoƙi, kwana ɗaya kafin jana'iza. Dukansu sun taɓa tsayawa gaban hoton 1974, dukansu suna nan ranar da aka amsa da to, kuma Malam Gershon da hannunsa ya ɗauki na ainihin. Suka dubi juna, suka ce gidan makoki ba wurin tada magana ba ne, kaya kuma an riga an buga. Suka karɓi takardar sujada suka zauna suna fifita da ita.

Da safe aka kawo Mama Yemima daga ƙauye, tana da shekara tamanin da uku, tana dogara sanda. Henry yana bakin ƙofar majami'a tare da baƙinsa na Abuja, a gindin banar da ta fi mutum tsawo. Ta tsaya ta ɗaga kai ta dube ta tsawon lokaci. Ita da ba ta taɓa yi wa ɗan ƙanenta magana da wani harshe ban da yarensu ba, ta juya ta ce da Hausa, ba tare da ɗaga murya ba, “Manaja, wannan mutum ya yi kyau. Ɗan wane ne?”

Baƙin suka yi murmushi, suna zaton ruɗewar tsufa ce. 'Ya'yan marigayin da mambobin ƙungiya ba wanda ya yi murmushi. Ta wuce ciki ta zauna a layin gaba. Aka yi sujada, Henry ya karanta jawabin iyali kansa a sunkuye, sannan aka ɗauki gawar zuwa ƙauye, aka binne shi da yamma a gefen mahaifiyarsa.

Waɗanda Ya Bari

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Henry, manajan banki a Abuja, Stella, ma'aikaciyar jinya a Jos, Leonard, malamin gona a Samaru Kataf, da Rosemary, malamar firamare a Kafanchan, wadda ta shiga ƙungiyar bayan rasuwarsa. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya, da yayarsa Mama Yemima, wadda ita kaɗai ta rage a duniya da ta san fuskar Mama Tagwai layi-layi.

Ƙungiyar Masu Sha'awar Hoto ta Kafanchan ce ta sa a rubuta wannan tarihi domin cikarsa shekara guda da rasuwa, kuma hoton da ke bangon wannan ɗan littafi shi ne wanda Malam Gershon ya ɗauka, da karkataccen baki da rigar sanyi. Kafin a kai ga mai bugawa, Malama Fatimatuzzahra'u ta karanta wa Henry shi gaba ɗaya, ta kuma tambaye shi ko yana so a cire abin da ya shafi banar da maganar gwaggonsa, tunda tarihi irin wannan 'ya'ya da jikoki ne za su gada. Ya daɗe yana kallon hoton bangon, sannan ya tura mata takardun ya ce, “A bar shi yadda yake.”